Gyaran jiki na "mayar da tsohuwa yarinya": dilkar ta yi, amma a bar mata robar haɗin mai

A garuruwan da ke tsakanin Ringim da Gumel, da wuya a rasa gida guda da ake gyaran jiki a cikinsa. A da amare ne kaɗai ke zuwa. Yanzu iyayen amare ma suna zuwa, da uwargidan da aka sa wa maigidanta ranar ƙarin aure, kuma su aka fi tallata wa aikin kwana 7 da ake kira "mayar da tsohuwa yarinya". Wannan sharhi a kan ɗaya daga cikin irin gidajen nan ne. Ana yin halawa da dilka da turara jiki, sannan a ranar ƙarshe a ba mace robar haɗin mai ta tafi da ita. Ukun farko sun ci kuɗinsu. Robar nan kuwa ita ce ke rusa aikin.

Halawar gidan babu laifi. Kofi 2 na sukari, rubu'in kofi na ruwan lemun tsami, rubu'in kofi na ruwa, a kan wuta kaɗan-kaɗan har ta yi kalar zuma. Mai aikin tana ɗiga ta a ruwan sanyi ta ga ko ta dunƙule, kuma tana gwada zafinta a bayan hannunta kafin ta kai jikin mutum. Ga ƙafa da hannu ta dace. A fuska ne ake bukatar hattara: fatar da ta sha man bilicin ta riga ta yi sirara, halawa tana iya ɗaye ta tare da gashin, wurin ya warke da baƙin tabo. Kada a maimaita ta fiye da sau biyu a wuri ɗaya.

Dilkar ita ce gwanintar gidan. Dafaffen dankalin turawa ne da kurkum da garin ɓawon lemu da kanumfari da man riɗi, an kwaɓa an turara. Ana shafawa, a bar ta kamar minti 15 ta sha iska, sannan a murza da tafin hannu. Nan za ki ga matacciyar fata tana zubowa a kan tabarma, ƴan sirara-sirara, ƙasan kuma ya fito sumul yana sheƙi. Gyara biyu muke da shi. Dilkar da ake murza dunduniya da ita, mai tsakuwa-tsakuwa, da ita ake murza kumatu, kuma kullum har kwana 7. Ya yi yawa. Fuska ta fi son mai laushi wadda aka tankaɗe, sau 2 a mako ya isa, domin baƙar fata idan aka dame ta da gurza ƙara duhu take yi a wurin. Na biyu, ki tafi da tawul ɗinki da ƙwaryarki, saboda makero yana bin kayan da ake haɗawa. Mai saurin ƙaiƙayi ta ɗan shafa a bayan kunne ta kwana da shi kafin a fara.

Wajen turare, a buɗe taga. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, farkonta ciwon kai da jiri. Fuska ta zauna a wajen bargo. Mai ciki da mai asma su haƙura da shi.

Macen da ta gama kwanakin nan tana fitowa da haske da ƙamshi, tana shiga gidan biki kanta a ɗage. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ta shekara ashirin tana surfe da ɗiban ruwa a rana ba wanda ya ce ta zauna a kula da ita. Sai dai ta san iyakarsa. Saman fata yana sabunta kansa kusan duk wata guda, don haka sheƙin na ƴan makonni ne.

Abin da ke sa kumatu su zubo, haɓa ta yi lalo-lalo, ba a saman fata yake ba. Akwai sinadarin kolajin da ke riƙe fata ta tsaya tsam, yana raguwa da shekaru, kuma mace tana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 nasa a shekaru 5 na farko bayan ɗaukewar al'ada. Kitsen kumatu yana raguwa yana gangarowa ƙasa, ƙashin fuska yana ɗan zaizayewa, haƙoran da suka zube kuma suna sa baki ya loɓa. Rana da iskar hunturu suna ƙara tamoji. Babu dilkar da za ta kai can.

Tiyatar ɗage fuska ce ke kai wa can, kuma aikin ƙwararren likitan tiyata ne a asibiti. Ana tsagawa daga cikin gashin gefen goshi, a bi ta gaban kunne, a zagaya bayansa. A ɗaga fata, a ja shimfiɗar tsoka da ke ƙarƙashinta sama a ɗinke, a yanke rarar fatar. Yana cin awanni, galibi da allurar barci. Ana cire zare cikin kwana 5 zuwa 10, kumburi ya ɗauki mako 2 zuwa 3, amfanin kuma yakan kai shekara 10, tsufa na ci gaba da tafiyarsa. Matsalar da aka fi samu ita ce taruwar jini a ƙarƙashin fata a ranar farko, musamman ga mai hawan jini. Mai shan taba fatarta tana iya mutuwa a bakin ɗinkin. Jijiyar da ke motsa fuska tana iya taɓuwa baki ya karkace. Ga mu baƙar fata akwai ƙari: duk wadda hujin kunnenta ya taɓa yin tabo mai tudu, to ta gaya wa likita tun farko, domin a kunnen ake tsagar. A Kano akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, kodayake mafi yawan aikinsu gyaran ƙuna ne da tsagaggen leɓe da raunin haɗari. Malaman addini kuma sun bambanta gyaran lahani da neman ƙarin kyau, sai mace ta tambaya kafin ta yanke shawara.

To, tunda dilka ba ta ɗage kumatu, da me ake cika alkawarin? Da robar nan. Ba suna, ba lambar NAFDAC, ba jerin abin da ke ciki. Irin wannan haɗi, man shafawa ne ake matse wa tub-tub na maganin fata mai ƙarfi, irin su clobetasol ko betamethasone, a ƙara sinadarin bilicin na hydroquinone, wani ma har da sinadarin makuri (mercury) mai guba. Mako biyun farko fuska tana washewa, kowa ya ce Hajiya kin koma yarinya. Bayan watanni fata ta yi sirara har jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso, gashi ya tsiro a haɓa, nankarwa ta tsage damtse. Hydroquinone idan ta daɗe tana baƙanta saman kumatu, baƙin da ke da wuyar fita. Makuri yana lalata ƙoda, yana kuma kai wa ga jaririn da ke ciki ko yake shan nono. Shi kuwa maganin fatar, shafa shi a duk jiki na tsawon lokaci yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari. A shekarar 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne an sayar wa mace tsufan fuska da sunan ƙuruciya, kuma fatar da aka sirantar haka ko tiyata aka yi mata ba ta saurin warkewa.

Idan za ki je, ki biya kuɗin halawa da dilka da turare, ki ce ba kya son man. Man kaɗanya bayan wanka tun jiki da danshi, da malafa ko inuwa lokacin da rana ta take, da man kariya daga rana mai lamba 30 ga wadda ta samu hali, sun fi shi amfani nesa ba kusa ba. Idan aka yi miki tayin allurar cike kumatu a cikin gida, ki tashi, domin idan ta shiga jijiyar jini tana kashe fata, tana ma makantarwa. Wadda kuma ta riga ta yi watanni tana shafa haɗin, kada ta daina dare ɗaya, fuskar za ta yi ja ta hau raɗaɗi har ta koma masa dole. Ta ɗauki robar ta kai babban asibiti mafi kusa, likita ya tsara mata yadda za ta rage shi sannu a hankali, a auna mata jini da sukari.