Wace Tsohuwar Wuƙar Aljihu Ya Kamata Mai Koyon Gyara Ya Fara Saya?

Duk wanda ya yi niyyar koyon raya tsofaffin wuƙaƙen aljihu, wato irin waɗanda ruwansu ke naɗewa ya kwanta a cikin ƙota, yakan fara da tambayar kayan aiki: wane dutsen wasa zai saya, wane magagari, wace irin guduma. A ganina akwai tambayar da ta riga wannan, ita ce wace wuƙa zai fara ɗora wa hannu, domin wuƙar farko ita ce ke koya wa mutum aikin, ita ce kuma ke iya kashe masa gwiwa tun bai yi nisa ba. Abu biyu nake dubawa kafin in ba kowa shawara. Na farko, shin ana iya kwance wuƙar a mayar da ita da ƙananan kayan hannu? Na biyu, shin akwai sauran ƙarfe mai lafiya a ruwanta, ko masu wasa da masu gogewa sun riga sun cinye shi?

A kan waɗannan ma'aunai biyu ban ga wadda ta kama ƙafar Opinel ba, musamman mai lamba 8 wadda ruwanta na ƙarfen kabon ne. Joseph Opinel ya fara ƙera ta a yankin Savoie na ƙasar Faransa a shekarar 1890, a 1897 kuma ya jera ta girma-girma daga lamba 1 zuwa 12. Tambarin hannu mai kambi da ke jikin ruwan ya soma ne a 1909. Abin da ya sa ta dace da ɗan koyo shi ne sassanta biyar ne kacal: ruwan wuƙa, ƙotar katako, zoben ƙarfe da ke ɗaure wuyan ƙotar, ƙusa guda da ruwan ke juyawa a kanta, sai zoben waje mai kulle ruwan, wanda kamfanin ke kira Virobloc. Babu sifirin a cikinta ko ɗaya, wato ƙarfen da ke danne gindin ruwa ya riƙe shi a buɗe ko a rufe, kuma duk wanda ya taɓa fama da mayar da sifirin a mazauninsa ya san girman wannan sauƙi.

Zoben kullen nan yana kuma taimaka wa mai saye wajen ƙiyasta shekarun wuƙar. Marcel Opinel ne ya ƙirƙiro shi a 1955, saboda haka babbar wuƙar da aka ƙera ta ba tare da shi ba tana iya zama ta gabanin wannan shekara, muddin ba cire shi aka yi ba, abin da sawun gogayya a kan zoben ciki yakan tona. A shekarar 2000 aka sake fasalinsa yadda zai kulle ruwan ko da wuƙar tana rufe. Ƙanana kuwa, daga lamba 5 zuwa ƙasa, ba a sa musu shi. Ruwan lamba 8 tsawonsa santimita 8.5 ne, siriri ne, kuma ƙarfensa yana karɓar kaifi cikin sauri a kan dutse, ta yadda mai koyo zai ga sakamakon hannunsa nan take, ya gane kuskurensa tun kafin ya zame masa ɗabi'a. Akwai mai ruwan ƙarfe marar tsatsa, wadda ake rubuta wa Inox, amma ita ba ta koya wa mutum yaƙi da tsatsa, alhali shi ne rabin wannan sana'a.

Wajen ƙawata wuƙa ma nan ne ta fi burge ni. Ƙotar guntun katako ne guda ɗaya mai kauri, galibi na wani farin itace mai tauri na dazuzzukan Turai, ko da yake ana yin na zaitun da wasu. Mutum yana iya kankare fentin da ke kanta da sanfefa, ya rage kaurin gefenta don ta kwanta lafiya a aljihu, ya sassaƙa mata gurbin yatsu, ya huda gindinta ya zura igiyar fata, ya yi mata zane da ƙarfe mai zafi, sa'an nan ya shayar da ita mai. Idan ya ɓata ƙotar gaba ɗaya, zai iya sassaƙa wata daga guntun katako, ya tsaga mata hanyar ruwa da siririn zarto, ya mayar da zobe da ƙusa. Ruwan ma yana karɓar gyara: ana iya sauke bayansa da magagari a sauya siffar tsinin, ana kuma iya shafa masa ruwan tsami na ɗan lokaci ya yi baƙi-baƙi mai ruwan toka, wanda ke rage masa saurin kamuwa da jar tsatsa.

Tana da aibi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Katakon yana shan danshi ya kumbura ya matse ruwan, har sai an buga gindin ƙotar a kan tebur kafin tsinin ya leƙo. Maganinsa a bar ta ta bushe sosai, a zura ninkakken sanfefa a goge cikin tsagar, sa'an nan a jiƙa wuyan da mai ko kakin zuma. Ya kamata kuma mai saye ya san dokar inda yake zaune, domin a Birtaniya, alal misali, wuƙar da doka ta yarda a yi yawo da ita ba tare da wani dalili ba ita ce wadda ba ta kullewa kuma kaifinta bai wuce inci 3 ba, lamba 8 kuwa tana kullewa.

Sauran kuwa kowace da inda take tsayawa. Victorinox ta ƙasar Suwizalan, wadda Karl Elsener ya kafa a Ibach a 1884, wuƙa ce mai nagarta, kuma sauya jajayen marafanta aiki ne na mintoci tunda ɓallewa suke yi a danna sababbi, sai dai wannan sauya riga ne kawai; ranar da mutum ya fasa ƙusoshinta ya tarar da hawa-hawan sifirin, zai gane ba ta ɗan koyo ba ce. Old Timer ta kamfanin Schrade, irin wadda aka yi a Amurka kafin masana'antarsu ta Ellenville ta rufe a 2004, ƙarfenta na kabon mai lamba 1095 mai kyau ne, amma da yawansu an haɗa su da wani ɓoyayyen makulli a ƙarƙashin kan ƙotar wanda ke sa kwancewa ta zama wahala. Buck 110 tana da kyau idan an goge tagullarta, amma ta yi nauyi kuma ta yi tauri a kan dutse ga sabon hannu. Masu ƙotar siririn gwangwani da aka lanƙwasa a kan jikin wuƙar, irin waɗanda kamfanin Imperial ya yi da yawa, su dai a wanke a sa musu mai, domin in an ɓalle gwangwanin ba ya komawa daidai. Tsofaffin wuƙaƙen birnin Sheffield na Ingila masu sunan Joseph Rodgers ko George Wostenholm kuwa, roƙona ga mai koyo shi ne ya bar su sai hannunsa ya faɗa, domin sanfefa na minti biyar yana iya share abin da ya shekara ɗari yana jira.

Abin da ya fi zaɓen iri muhimmanci shi ne mutum ya tsira daga masu ha'inci, kuma a nan ina magana ne a matsayin wanda abin ya taɓa. A farkon shigata na sayi wata wuƙa mai ƙotar ƙashi ta intanet, bisa hotuna kawai, tana ɗauke da sunan wani tsohon kamfani, tana ƙyalli kamar yau aka ƙera ta. Cinikin biri a sama na yi. Da ta iso hannuna sai na tarar ruwan yana girgiɗi hagu da dama, gindinsa ya fi sifirin siranta, kaifin kuma ba ya kwana, da an yanka igiya sau biyu sai ya dakushe. Daga baya na gane cewa an kankare asalin tambarin ne aka buga wani, sa'an nan aka kai ruwan injin gogewa har ya yi zafin da ya zubar da taurinsa. Tun daga ranar, ƙyalli a jikin tsohuwar wuƙa ya zame mini kyan ɗan maciji.

Ga yadda ake gane irin wannan aiki. Tambarin masana'anta ana buga shi ne tun ƙarfe bai sha wutar tauri ba, sa'an nan a goge fuskar, shi ya sa haruffansa ke fitowa da zurfi ɗaya, a jere, bakinsu a shafe. Wanda aka buga daga baya da hannu yakan zo da harafi ɗaya ya fi wani zurfi, layin ya ɗan karkace, gefen haruffan kuma ya tasa kamar kunyar gona. A sa madubin ƙara girma a duba, a kuma kwatanta kaurin gindin ruwan da kaurin sifirin, domin a wuƙar da ba a taɓa ba su biyun daidai suke, kuma duk inda aka kankare tambari dole ƙarfe ya ragu. Wuƙaƙen kamfanin Case na garin Bradford a jihar Pennsylvania ta Amurka sun fi shan wannan zalunci saboda masu tara su suna da yawa. Daga 1940 zuwa 1964 tambarinsu Case XX ne, a 1965 aka ƙara U.S.A., a 1970 kuma aka sa ɗigo goma a ƙasa ana cire ɗaya kowace shekara. Saboda haka maha'inci yana iya goge ɗigogin gaba ɗaya ko ya goge U.S.A. ya mayar da wuƙa baya da shekaru masu yawa, kamfanin bai san ana yi ba.

Tarihi kansa yana kama maƙaryaci. A 1913 ne Harry Brearley ya samar da ƙarfe marar tsatsa a Sheffield, saboda haka duk wanda ya ce wuƙarsa ta ƙarni na 19 ce alhali ruwanta marar tsatsa ne, ko dai bai sani ba ko yana so ya cuce ka. Dokar harajin Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya a jikinsa, shi ya sa wuƙar Sheffield mai ɗauke da kalmar England galibi ta bayan wannan lokaci ce. Wadda aka rubuta wa W. Germany kuwa, wato Jamus ta Yamma, ba za ta riga 1949 ba. Sunan Laguiole ma yana ruɗin mutane da yawa: sunan wani ƙauye ne a Faransa da kuma salon wuƙa, ba na kamfani guda ba, kuma ana yin masu siffar, har da ɗan adon ƙudan zuma da ke bayanta, a Pakistan da Sin da yawan gaske, don haka sai a nemi sunan maƙerin a jikin ruwan. Haka zanen igiyar ruwa da ake kira damaskus: na gaskiya yana ratsa ƙarfen har bayansa da gindinsa, na jabu kuwa a fuska kawai aka zana shi, sanfefa yana share shi.

Akwai kuma wuƙar da aka harhaɗa, ruwa daga nan, ƙota daga can. Ita ana gane ta ne da rashin jituwar tsufa, kamar a ga ƙota ta sha hannu ta yi sumul amma kawunan ƙusoshin sababbi fil, ko wuƙa mai ruwa biyu ɗaya ya yi baƙi ɗaya yana walƙiya, ko tsinin ya leƙo waje bayan an rufe. Idan mai sayarwa ya ce ƙotar hauren giwa ce, a bar masa kayansa. An hana cinikin hauren tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma yawancin abin da ake kira da wannan suna ƙashi ne ko roba.

Haɗari na ƙarshe ba na mutum ba ne, na kayan ne da kansu, wato ƙotar seluloid. Tsohuwar roba ce mai launuka masu ɗaukar ido, wadda idan ta fara ruɓewa takan fitar da tururin asid da ke cin ƙarfe. Alamarta ita ce a ga rabin ruwan da ke leƙowa daga ƙota ya yi tsatsa, ƙusoshi da kan ƙotar sun dushe ko sun yi kore, marafan sun tsuke sun ja baya daga gefe. Na taɓa ajiye irinta a akwati ɗaya da wasu wuƙaƙe uku da na gama gyarawa, bayan 'yan watanni na buɗe na tarar duk sun kamu. Ga shi kuma tana kama wuta cikin sauri, saboda haka ba a kusantar da ita ga injin wasa ko wani abu mai zafi. Wanda ya ƙware yana iya cire marafan ya sa na katako ko ƙashi, amma wannan aikin gaba ne.

Idan mutum ya riƙe tsohuwar Opinel a hannu yana shawara, ya buɗe ta ya dubi faɗin ruwan daga gindi zuwa tsini. Idan cikin ya rame ya lotsa saboda yawan wasa, ya ajiye ta. Baƙin da ya lulluɓe ƙarfe ba matsala ba ne, jar tsatsa ta sama ma tana fita da mai da sanfefa mai lamba 400, a bi da 600 har zuwa 1000, ana gogewa ta fuska ɗaya. Abin gudu shi ne ramukan tsatsa masu zurfi a bakin kaifi, da shuɗin launi kusa da tsini wanda ke nuna an ƙona ƙarfen a inji. Sai ya juya ƙotar ya duba wuyanta a ƙarƙashin zobe, inda ƙusar ta ratsa katakon, domin a nan take fara tsagewa, kuma tsagar da ta kai ramin ƙusa gam ba ya riƙe ta.