Shagon kayan ƙwallon kwando da na samo rigar Olajuwon mai lamba 34

Takalmi ne ya kai ni shagon nan, ba riga ba. Yarona na biyu shekararsa 14, tun hutun da ya wuce ya fara bin abokansa Ƙofar Mata wajen 'yan ƙwallon kwando, kuma da kambas ɗin makaranta yake zuwa, cikin sati uku ƙasan takalmin ya ɗaye kamar an fere shi da wuƙa. Kocinsu ne ya tare ni ya ce Alhaji in dai kana son gwiwar yaron nan da idon sawunsa su kai shi girma to ka nema masa takalmin wasan na gaske, sannan ya yi min kwatancen wani ɗan shago a cikin Sabon Gari. Ba zan faɗi suna ba tunda ban nemi izinin mai shi ba, amma dai abin da na gani can ya isa in zauna in rubuta.

Wurin ƙarami ne ƙwarai, mutum huɗu in suka shiga na biyar sai dai ya jira a waje. Takalma jere a kan katako har sama, ƙwallaye a cikin raga an rataye, safa, bandejin gwiwa, famfon hura ƙwallo, usur na alƙalin wasa, sai riguna a bangon ciki. Muna shiga ina ɗaga kai na hango ta, ja wur da ratsin ruwan ɗorawa a wuya da hammata, lamba 34, a baya an rubuta OLAJUWON. Wallahi sai da na manta abin da ya kawo mu. Yaron yana ta ja min hannu Abba ga takalman can, ni kuwa na tsaya ina kallon riga kamar na ga wani ɗan'uwa da muka daɗe ba mu haɗu ba.

Mai shagon dattijo ne dogo, da ganin kafaɗarsa ka san ya buga wasan a da. Ya ce Alhaji da alama ka san mai rigar. Na ce Malam ai mu da kaset ɗin bidiyo muka san shi, kaset ɗaya unguwa guda ke kallo har hoton ya fara rawa. Sai ya yi dariya ya sauko da guda biyu ya shimfiɗa a kan kanta, ya ce to bari in faɗa maka gaskiya tun kafin ka tambaya, wannan kwafi ce sabuwa dal, wannan kuma gwanjo ce amma ta asali, ga bambancinsu. Ya juya cikin kowacce ya nuna min, ta asalin lambar da sunan ɗinkawa aka yi da zare har layi biyu, kwafin kuwa mannawa aka yi da zafi, ya sa farce ya ɗan ɗaga gefen lambar ya ce ka gani, wanki goma za ta fara ɓarewa, in kuma ka ɗora mata dutsen guga shikenan. Ni dai a kasuwar nan ban saba ganin ɗan kasuwa yana tona aibun kayansa da bakinsa ba, yawanci sai an rantse maka da Allah cewa orijinal ne ka je gida ka ga abin da ka saya.

Yaron ya ce Abba wai waye wannan ɗin, ya fi LeBron ne. Nan fa hira ta ɓarke, ni ina faɗa mai shago yana ƙarasawa, har wani saurayi da ya zo sayen safa ya fasa tafiya ya jingina da ƙofa yana ji.

Na ce masa ɗan ƙasarku ne, a Legas aka haife shi ranar 21 ga Janairun 1963, Bayarabe Musulmi, iyayensa sana'ar siminti suke yi. Kuma abin da zai ba ka mamaki shi da farko gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, bai taɓa kwando ba sai wajen shekara 15, kusan sa'arka kenan. A 1980 ya tafi Amurka Jami'ar Houston wajen koci Guy Lewis, da farko ma benci ya sha zama don bai gama sanin wasan ba, sai ya riƙa zuwa lokacin hutu yana gwabzawa da Moses Malone wanda a lokacin shi ne babban ɗan tsakiyar Houston Rockets, a nan ya gogu. Shi da Clyde Drexler suka yi tashe a jami'ar, sau biyu a jere yana zuwa wasan ƙarshe na jami'o'i, 1983 da 1984, duka biyun ba su ɗauki kofin ba, amma a na 1983 duk da an cinye su shi aka ba gwarzon gasar.

Mai shago ya karɓe, ya ce yaro ka san Michael Jordan ai, to a 1984 da ƙungiyoyin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, suka zauna zaɓen sababbin 'yan wasa, Olajuwon aka fara ɗauka lamba ɗaya, Houston Rockets ce ta ɗauke shi, Jordan na uku ne, kuma har yau ba ka jin mutanen Houston suna cewa sun yi asara. Yaron ya buɗe baki. Ni abin da ya fi burge ni a tarihin mutumin nan shi ne jiran da ya yi, don a 1986 shi da Ralph Sampson dogaye biyu suka kai wasan ƙarshe Boston Celtics ta doke su, daga nan sai da ya yi shekara takwas yana fama, ƙungiya ba ƙarfi, ga rigima da shugabanni kan kwantiragi har ya kusa barin garin. A tsakanin nan ne ya koma ga addininsa sosai, a 1991 ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem, kuma shi da kansa ya sha faɗa cewa a da yana da zafin zuciya, faɗa da alƙalan wasa da 'yan wasa, riƙon addini ne ya kwantar da shi.

Sai 1994 ta zo. A kaka ɗaya ya haɗa MVP, wato gwarzon ɗan wasan shekara, da gwarzon mai tsaro, da gwarzon wasan ƙarshe, kafin shi ba wanda ya taɓa haɗa ukun nan. Da New York Knicks suka kara har wasa bakwai kafin su ɗauki kofin, Patrick Ewing ɗin da ya hana shi kofin jami'a a 1984 shi ne a gabansa. Wasa na shida nake so kowane yaro mai koyon tsaro ya nemo a YouTube ya kalla, saura daƙiƙoƙi Houston na gaba da maki biyu, John Starks ya tashi zai jefa ta maki uku wadda in ta shiga kofi ya tafi New York, sai ga wannan ƙaton mutum mai ƙafa 7 ya baro ƙarƙashin kwando ya biyo shi har waje ya miƙa hannu ya taɓa ƙwallon da 'yan yatsu. Da muna kallon kaset ɗin sau nawa muka mayar da wurin nan baya ban san adadi ba. A 1995 kuma a matsayi na shida suka shiga wasannin fitar da gwani, ba wanda ya ba su, suka cire Utah suka cire Phoenix, suka zo kan San Antonio inda aka miƙa wa David Robinson kyautar MVP a gaban idonsa, shi kuwa ya riƙa juya shi da wannan rausayar tasa da ake kira Dream Shake, ya yi kamar zai tashi ya fasa, ya juya hagu ya dawo dama, ƙafar gola ce kawai take aiki, ya tashi da matsakaicin maki 35 a kowane wasa. Wasan ƙarshe suka share Orlando Magic ta Shaquille O'Neal 4 da nema.

A wannan shekarar azumi ya kama a watan Fabrairu, yana azuminsa yana buga wasa, kuma shi aka ba gwarzon watan a NBA. Na kalli yarona na ce ka ji ko, don shi da azumi ya zo cewa yake ba zai iya zuwa atisaye ba ko da yamma.

To mu dawo kan ciniki. Gwanjon ta asali N32,000 ya ce, kwafin N9,000, na yi tayi muka daidaita a N28,000 na ɗauki ta asalin. Yanzu wata biyu kenan, an wanke ta sau biyar da hannu da ruwan sanyi kamar yadda ya ce, a inuwa ake shanya ta, jan bai zuba ba, zare ko ɗaya bai tashi ba. Yadin mai ƙananan huji ne iska na ratsawa, a zafin Kano ba ta manne maka a jiki. Tana da ɗan tabo a ƙasan gefen hagu wanda shi ya nuna min tun a shago. Abu ɗaya da zan ja hankalin mai saye, yankan Amurka ne, hammatar a buɗe take sosai kuma tana da tsawo, in kana sa L to M za ta yi maka, ni da farar singileti mai hannu nake sa ta a ciki.

Wajen takalmin ne mutumin ya gama saye ni. Yaron ya ɗora ido kan wani mai sheƙi mai tsada, irin wanda yake gani a ƙafar 'yan NBA. Mai shagon ya ce ɗana a ina kake wasa, kan katako ko kan siminti. Ya ce yawanci siminti. Ya ce to wannan ba naka ba ne, ƙasansa laushi gare shi don ɗakin wasa mai katako aka yi shi, siminti zai cinye shi kafin Sallah, kuma ƙafarka girma take yi. Ya shiga ciki ya fito da wani gwanjo mai kaurin roba da zane mai zurfi a ƙasa, kuɗinsa bai kai rabin wancan ba, ya durƙusa da kansa ya sa masa, ya danna babban yatsa ya ga akwai sarari, ya ce ya yi tsalle sau uku ya tsaya cak. Mutum ya bar riba mai yawa ya sayar maka da mai araha saboda shi ya dace da kai.

Na ce Malam ka tuna min da mai rigar nan, ya ce ai daga wajensa na koya. Don a 1995, yana kan ganiyarsa, lokacin da taurari ke sa sunansu a takalman dala ɗari da wani abu, shi sai ya haɗa kai da Spalding aka yi takalmi da sunansa ana sayarwa dala 34.99 a shagunan talakawa. Dalilinsa shi ne uwa mai 'ya'ya uku da take fafutuka ba za ta iya sayen takalmin dala 120 ba, shi ya sa yara ke sata har da kisa a kan takalmi. Mutumin da ya fi kowa kaɗe ƙwallo a tarihin NBA, sau 3,830, har yau ba a kamo shi ba, ya ci maki 26,946, ya taɓa yin wasa ɗaya a 1990 da maki 18, ribawun 16, wato cafke ƙwallon da ta ƙi shiga kwando, kaɗe ƙwallo 11 da taimako 10, amma tunaninsa yana kan uwar da ba ta da kuɗin takalmi. Bayan ya yi kaka ɗaya a Toronto ya ajiye wasa a 2002 ya shiga harkar filaye da gidaje, kuma an san shi da cewa ba ya cin bashi mai kuɗin ruwa. Irin su Kobe Bryant da LeBron James har wajensa suka je koyon aikin ƙafa, wannan ce amsar da na ba yarona. A 2008 da Houston za ta karrama shi a ƙofar filin wasanta, ba a yi mutum-mutuminsa ba saboda addininsa, rigarsa mai lamba 34 aka zuba da tagulla aka kafa. Irin rigar nan da ke rataye a ɗakina yanzu.

Akwai inda shagon ya gaza kuma dole in faɗa. Ba wurin gwada riga, sai dai ka ɗora a kan kayanka. In an ɗauke wuta ciki duhu ne da zafi, da fitilar waya muka duba ɗinkin takalmin. Ba POS, taransifa kawai ko tsabar kuɗi, ranar netwok ya ƙi sai da muka tsaya kusan minti ashirin kafin alat ya shigo. Manyan lambobin takalmi kuma ƙaranci suke, wani dogon yaro ya zo neman 47 ya tafi hannu rabbana, alhali masu wannan wasa ai dogaye ne. Na mata ma kaɗan ne ƙwarai duk da 'yan mata na bugawa yanzu. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne ƙwallo, na biya kafin alƙalami na lamba 7 ta waje ya ce sati ɗaya, sai da aka yi sati uku ina kira ana cewa kaya na hanya daga Legas. Da ta iso ya kira ni da kansa ya ba da haƙuri ya haɗa min da allurar famfo biyu kyauta, amma gara tun farko a ce min sati uku in san inda na dosa.

Takalmin yaron yau wata biyu yana shan siminti kwana huɗu a sati, zanen ƙasan bai shafe ba, sai igiyar da ta tsinke muka canza. Ranar Asabar zan koma da ƙanensa da ya fara rigimar shi ma a kai shi fili, kuma mai shagon ya ce yana nema min ƙaramar riga mai lamba 34 da za ta yi wa babban, don tun ranar nan ya daina tambayata LeBron, kullum yana tsakar gida da ƙwallo yana gwada juyin nan na hagu da dama.