Shawara Iri Biyu: Ta Bairos Da Ta Bakteriya

Manomin shinkafa a fadamar Argungu idanunsa sun yi rawaya, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. Kowa zai ce shawara ce. To, wace iri?

Idan bairos ɗin ciwon hanta na hepatitis B ne, ta jini ake ɗauka, ko saduwa, ko daga uwa wurin haihuwa. Yana iya shekaru yana cin hanta shiru. Kafso ɗin kemis na kashe bakteriya ba ya taɓa shi ko kaɗan, asarar kuɗi ce kawai. Rigakafinsa allura ce, wadda ake fara yi wa jariri da zarar an haife shi.

Ta bakteriya kuwa ba ta da wannan haƙurin. Zazzaɓi mai zafi, rawar sanyi, ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Taifot na kumbura hanta, wata ƙwayar kuma ta tara mugunya a cikinta, har sai likita ya zuƙe da allura. Akwai leptospirosis, daga fitsarin ɓera a ruwan da manomi ke takawa da kaushi a ƙafa. A ganina an fi mantawa da wannan, alhali ita maganin kashe bakteriya ke warkarwa idan an yi sauri.

Ido ba ya rarrabe su, sai gwajin jini da hoton ciki.