Farantin sola: haɗin hannu ko na kamfani?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya: ya ga ana sayar da ƙwayoyin sola, wato ƙananan fallayen silikon da ke mayar da hasken rana wuta, tsirara a intanet da arha, to in ya sayo ya haɗa faranti da kansa don cajin batir mai bolt 12, zai fi masa sauƙi a kan sayen na kamfani? Malam, wanda ka haɗa zai ba da wuta, babu shakka. Sai dai ba zai yi ƙarko ba, kuma da wuya kuɗin ya ragu.

Cikin na hannu da na kamfani ɗaya ne. Ƙwayar silikon, babba ce ko ƙarama, kusan rabin bolt take bayarwa. Girmanta amp yake ƙarawa, ba bolt ba. Mai faɗin milimita 156 kowane gefe tana ba da wajen amp 8, wato wat 4 ko ɗan sama. Batir mai bolt 12 kuwa sai an tura masa sama da bolt 14 kafin ya cika, shi ya sa ake jera ƙwaya 36 a sarƙa ɗaya don a samu bolt 18, wat 140 zuwa 150. Har nan, kai da kamfani lissafinku ɗaya.

Wajen liƙi ake fara rabuwa. Kamfani inji ke yi masa, kai kuwa da hannu: siririyar wayar jan ƙarfe mai faɗin milimita 2 da aka shafe da dalma, wata mai milimita 5 ta haɗa layi da layi, ruwan fulos mai sa dalma ta kama, da ƙarfen narka dalma irin na masu gyaran rediyo, mai wat 40 zuwa 60. A yawancin ƙwayoyi fuskar ce negatib, bayan kuma fositib, don haka waya za ta taso daga fuskar wannan ta shige bayan ta gaba. Ƙwaya mai layin azurfa uku tana buƙatar liƙi uku a gaba, uku a baya. Sau 36 ya zama 216. Kaurin ƙwayar bai wuce milimita 0.2 ba, ɓawon ƙwai ma ya fi ta juriya, saboda haka mai son 36 ya sayi 45. Wadda ta fashe a hannunka da sauƙi, ka gan ta ka jefar. Matsalar ita ce mai tsagar da ido ba ya gani, domin a sarƙa ɗaya ƙwaya mafi rauni ita ke yanke wa sauran 35 yawan amp ɗin da zai wuce. Dole a auna kowace da mitar auna wuta a rana kafin a liƙa. Sababbin ƙwayoyi masu siraran layuka tara ko fiye kuwa, kada ma a saya, ba na liƙin hannu ba ne.

Babban bambancin yana wajen rufi. Na kamfani hawa biyar ne: gilashi mai tauri na milimita 3.2, ledar EVA, ƙwayoyi, wata ledar EVA, sai takardar baya. Ana zuƙe iskar ciki kaf, a gasa su a zafin digiri 140 zuwa 150 har ledar ta narke ta zama jiki ɗaya da ƙwayoyin, sannan a ɗaura firam na alminiyam. Wannan ne ya sa kamfanoni ke iya ba da tabbacin shekara 25, cewa farantin zai ci gaba da ba da kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Mai haɗin gida ba shi da wannan inji. Abin da yake yi shi ne akwatin katako, ya manna ƙwayoyi da gam ɗin silikon, ya rufe da gilashin taga ko roba mai haske. Iska ta zauna a ciki ke nan. Da rana ta yi zafi ta kumbura ta fita, da dare ta huce ta jawo danshi, gari na wayewa sai ka ga gilashin ya yi gumi ta ciki. Damina ɗaya ko biyu, wuraren liƙi sun yi tsatsa. Robar tana komawa ruwan ɗorawa ta lanƙwashe, gilashin taga kuma tsakuwa ɗaya daga danƙon yara ta ishe shi. Ƙurar hunturu da ta kwanta a kan na kamfani ruwa da tsumma ne maganinta. Wadda ta shiga cikin akwati sai an kwance.

Zafi duka biyun yake cuta: kowane digiri ɗaya sama da 25 yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Faranti a kan kwano a bazarar Kano ko Maraɗi yana iya kaiwa digiri 65, asarar kashi 16 ke nan. Na kamfani bayansa siriri ne, iska na ɗauke zafin. Akwatin katako kuwa riƙe shi yake yi kamar tanda. Ga kuma batun inuwa. In ganye ko kashin tsuntsu ya rufe ƙwaya ɗaya, sai ta daina bayarwa ta koma shan wutar 'yan'uwanta, ta ɗau zafi sosai. Na kamfani mai ƙwaya 36 yana da diyod biyu, wato 'yan na'urorin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a ƙaramin akwatin bayansa, kowane na tsaron 18, wuta ta bi ta gefe. Masu haɗin hannu sukan manta da su, alhali busasshen katako ne a ƙarƙashin ƙwayar.

Kuɗi fa? Arhar ƙwaya ce ke rudi. Ƙara kuɗin kawo ta daga Sin, waɗanda za su fashe a hanya, waya, gilashi, firam, gam, diyod da kwana biyu ko uku na aiki, sannan ka je kasuwar Sabon Gari ka tambayi farashin mai wat 150 sabo.

Inda haɗin hannu ya yi rana shi ne koyo. Ƙananan ƙwayoyi 12 suna ba da bolt 6. A haɗa da ɗan allon da ke daidaita wuta zuwa bolt 5 na USB, a yi cajin waya ko tocila, a shigar da shi ɗaki in hadari ya taso. Ɗalibi ko yaron shago zai fahimci sola da wannan fiye da karatun wata guda.

Na kasuwa ma ba a saye ido rufe, don akwai masu manna takardar ƙarya. Je da tef da mitar auna wuta. Murabba'in mita ɗaya na faranti mai kyau wat 200 zuwa 220 yake bayarwa, don haka wanda aka rubuta wa wat 300 amma bai kai murabba'in mita ɗaya ba, ƙarya ce. Da tsakar rana, mai ƙwaya 36 ya nuna bolt 21 zuwa 22 ba tare da an jona komai ba, amp ɗinsa kuma ya kusanci abin da ke jikin takardar. Bolt kaɗai ba hujja ba ne, tsagaggen faranti ma yana nunawa.

In hannu na ƙaiƙayin aiki, Malam, a kai shi kan girke farantin: ya fuskanci kudu, a karkace shi digiri 10 zuwa 15, a bar tazarar santimita 10 tsakaninsa da kwano, a ja waya mai kaurin murabba'in milimita 4, kontrola mai daidaita caji a tsakaninsa da batir, fis kuma kusa da kan batir ɗin.