Tsatsar tsohuwar a-kori-kura: a kankare ko a shafa ruwan kashe tsatsa?

Wani ɗan'uwa ya sayi tsohuwar a-kori-kura Peugeot 504, irin haɗin Kaduna. Inji lafiya lau, amma tsatsa ta yi ja a bonet, rufi, gindin ƙofofi da gadon baya. Fanel bitansa ya ce a bi da giranda, a shafa fila, wato ƙullun da ake cike lotsawar bodi da shi, a fesa fenti. Mai shagon fenti kuma ya ce a huta da wahala, ga ruwan kashe tsatsa, shafawa kawai ake yi. Shi ne yake tambaya: wanne ya fi?

Ɗan'uwa, kada ka zaɓar wa motar gaba ɗaya hanya guda. Tsatsar bonet daban, ta gado daban, kowace da abin da ya dace da ita. Amma kafin ka kashe ko sisi, wanke motar da sabulu, ka bar ta ta bushe, ka ɗauki sukudireba da ƙaramar guduma ka zagaya. Inda ka kankara tsatsa ta zube kamar gari, ƙarfe ya fito sumul a ƙarƙashi, wannan tsatsar sama ce. Inda ka ga ƙananan ramuka kamar zanzana, ta fara ci. Inda fenti ya kumbura ya yi bororo, yawanci daga ciki ta taso, domin tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma, sai ta ɗaga fentin. Inda kuwa sukudireba ta nutse, ko guduma ta ba da sautin busasshen kwali maimakon ƙarar ƙarfe, an wuce maganar hanyoyin nan biyu; yanka da walda ne kawai. Ka fara wannan gwajin daga shasi, musamman wajen da sifirin ke ratayewa da inda gado ke zama. Idan nan ya ruɓe, kyan fenti ba zai ɗauki buhu goma ba.

Kankarewa cire tsatsar take yi baki ɗaya har farin ƙarfe ya fito. Ruwan kashe tsatsa ba ya cire ta, canza ta yake yi. Iri biyu ne a kasuwa, kuma rikita su na janyo asara. Na farko mai asid ɗin fosforik ne, tsinkakke kamar ruwa, yana mayar da jar tsatsa toka-toka ko baƙa. Na biyu mai asid ɗin tanik ne haɗe da wani danƙo, fari kamar madara a kwalba, idan ya bushe sai wurin ya koma baƙi mai ratsin shuɗi. Dukansu iyakar inda suka jiƙa suke aiki. Idan tsatsa ta yi kauri, saman ne zai yi baƙi, ƙasan yana nan ja yana ci gaba da aikinsa. Don haka ko mai shafa ruwa sai ya fara goge ɓawon da buroshin waya. Maganar "shafawa kawai" ba gaskiya ba ce.

A bonet, rufi da fatar ƙofa, kankarewa ta fi, ba ma kusa ba. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, hannu na kaiwa ko'ina, kuma nan ne idon mutane ke sauka. Sai dai a nan ne ake ɓata motoci da yawa. Ƙarfen bodi bai fi kaurin milimita 1 ba. Dutsen giranda da ake gyara walda da shi yana cin ƙarfen kansa, yana kuma zafafa shi har ya yi shuɗi ya lanƙwashe, daga nan sai a koma cike kwarin da fila. Abin da ya dace shi ne baƙin faifan nan mai kama da soso, wanda ke cire fenti da tsatsa ba ya taɓa ƙarfe sosai, ko samfefa lamba 80 a kan injin goge. Kada injin ya tsaya wuri ɗaya. Idan ba ka iya ɗora tafin hannu a wurin ba saboda zafi, a matsa gaba a dawo daga baya. A wuce iyakar jan da santimita 3 zuwa 5, domin tsatsa na rarrafawa a ƙarƙashin fentin da ake gani lafiyayye. Sannan a lallashe bakin tsohon fentin da lamba 180 har yatsa ya daina jin tudu. Buroshin waya na giranda kuma yana da yaudara: yana goge tsatsa ta yi sheƙi baƙi-baƙi, mutum ya ɗauka ƙarfe ne. Bi wurin da samfefa, in gari ja ya fito, aiki bai ƙare ba.

A gadon baya, ƙarƙashin madigadi, kusurwoyi da layin da ƙarfe biyu suka haɗu, lissafin ya juya. Gadon a-kori-kura ya sha taki, gishiri, fitsarin dabbobi da jiƙaƙƙen yashi, duk masu cin ƙarfe ne, shi ya sa za ka tarar da shi duk zanzana. Samfefa kan ramukan take bi, ba ta shiga cikinsu, in kuma ka nace sai ka kai gindin kowane rami, ka sirantar da gadon da kake son ya ɗauki kaya. Nan ruwan ke da amfani, domin yana gangarawa cikin ramin. A goge ɓawo, a share ƙura, a wanke maiƙo da tina, wato ruwan tsinka fenti, a bari ya bushe, domin ruwan ba ya ratsa girisi. A zuba kaɗan a wani kofin roba, kada a tsoma buroshi cikin kwalbar, ragowar kuma kada a mayar, zai lalata sauran. A shafa siriri sau biyu, tsakaninsu kamar minti 20 zuwa 30, a bar shi aƙalla awa 24. Lita ɗaya ta ishi gado da kusurwoyinsa.

Abin da ke kayar da mutane a nan zafi ne. Ruwan sai yana jiƙe yake aiki. Ka shafa shi a gadon da ya sha ranar Afrilu, cikin minti biyu ya bushe bai canza komai ba. A yi shi a inuwa, da safe. Kuskure na biyu shi ne shafa mai danƙon nan a kan farin ƙarfe mai tsabta: bai sami tsatsar da zai kama ba, sai ya zauna kamar leda, gobe ya ɓare da fentin da ke kansa. Na uku ya shafi mai fosforik. Idan ya bushe ya bar farin gari ko danƙo, asid ne bai gama aiki ba, kuma faraimar efoksi, wato fentin ƙasa da ake fara fesa wa ƙarfe, ba ta riƙe a kan asid. Sai a sake jiƙa wurin da shi, a wanke da ruwa tun yana ɗanye, a busar nan take da iskar kwamfireso. Mai tanik ba a wanke shi haka. A bi abin da ke rubuce a jikin kwalbar.

Ta fuskar kuɗi da lokaci, kankarewa na cin ƙarfi, faifai da wutar janareto, amma ka ga ƙarfenka da idonka. Ruwan ya fi sauƙi da araha, sai dai ba ka ganin abin da ya rage a ƙasa. Akwai hanya ta uku, feshin yashi, wadda ta fi duka biyun a kan shasi idan an sauke gado, amma tana lanƙwasa siraran ƙarfe, yashin na shiga boris da birki, kuma ƙurarsa na lalata huhu lalacewar da ba ta warkewa.

Yanzu ga inda na fi so ka sa ido, domin shi ke raba aikin da zai yi shekaru da wanda zai kumbura a damina ta farko. Farin ƙarfe ba ya jira. A watan Agusta, cikin 'yan awanni za ka ga ya fara yin ruwan ɗorawa, ko gumin hannu ma yana barin tambarin yatsa. Don haka kada a kankare motar gaba ɗaya a bar ta ta kwana. A ɗauki bonet yau, a kankare, a goge da tina da tsumma mai tsabta, a rufe shi da faraima kafin magariba. Jar faraimar gwangwani da ake shafa wa ƙofar gida ba ta hana ruwa ratsawa idan aka bar ta ba fenti, kuma tinar fentin mota na iya tayar da ita ta yamutse. Ta efoksi mai haɗi biyu ita ke toshe ƙarfe daga iska da danshi. A auna haɗin da kofin awo yadda gwangwanin ya ce, wani 1 da 1 ne, wani 2 da 1, wani 4 da 1, kada a yi da ido. A fesa sau biyu, bakin bindigar feshi milimita 1.4 zuwa 1.6, tazarar santimita 15 zuwa 20. Lita 3 zuwa 4 na haɗaɗɗiya za ta rufe wajen motar. A tsiyaye ruwan tankin kwamfireso kowace safiya, in ba haka ba ruwan da kake gudu shi za ka fesa a ƙarƙashin fentinka.

Fila kuwa, wadda fanel bitanka ya ambata, ba maganin tsatsa ba ce. Tana shan ruwa kamar alli. Aka shafa ta a kan ja, ko aka toshe huji da ita, danshi zai shigo ta baya, bayan 'yan watanni ta tsage ta faɗo da fentinta. Wurinta shi ne kan efoksin da ta bushe aka ɗan goge ta da lamba 180, ko kan farin ƙarfe tas, kaurinta kada ya wuce milimita 3. Hadina, wato sinadarin da ake haɗa mata don ta daskare, kamar kashi 2 cikin 100 ne; aka cika shi sai tabo ya fito a fenti, aka rage sai ta ƙi bushewa ta toshe samfefa. Kuma a busasshe ake goge fila, lamba 80 sannan 180, ba a sa mata ruwa. Bayan nan faraimar cikewa, a goge da 320 zuwa 400, sai fenti. Ka je garejin da kanka ranar da za a shafa filar, ka ga launin ƙarfen da ke ƙarƙashi kafin a rufe shi.

Lokacin hunturu ya fi dacewa da wannan aiki saboda bushewar iska, illarsa ƙura ce, sai a yayyafa ruwa a ƙasan wurin feshi. Mai feshi ya sa aƙalla takunkumi mai matatar gawayi, domin hadinar fenti mai haɗi biyu na kama ƙirji, ƙyalle a hanci ba ya tare ta. In za a yi walda, a cire batir, a sauke tankin mai idan aikin na kusa da shi.

Gindin ƙofofin da ka ambata, daga ciki suke ruɓewa. Akwai ƙananan hujojin tsiyayar ruwa a ƙasan kowace ƙofa, laka ce ta toshe su. Cire kwalin ƙofar, ka zare lakar da waya, ka shafa ruwan kashe tsatsa a layin ciki, in ya bushe ka fesa kakin da ake sa wa cikin bodi. Baƙin man inji da wasu ke watsawa yana tara ƙura, yana cinye robobi, kuma duk inda ya taɓa fenti ba zai sake kamawa ba sai an sha wahalar wanki. A gado kuma, idan za ka shimfiɗa tabarmar roba, ka riƙa ɗaga ta bayan kowane ruwan sama, domin ruwan da ya kwanta a ƙarƙashinta ba ya bushewa.