Na'urar port ga mai karɓar kemo karo na biyu: ta cancanci kuɗinta?

Matar da ta warke daga kansar mama, sai wata kansar ta ɓulla, jijiyoyin hannunta galibi sun riga sun ƙeƙashe da kemon farko, wato maganin kansa da ake sakawa ta jijiya. Hannun ɓangaren da aka cire ƙullutun hammata kuma ana guje masa saboda kumburi. Nan port ke da rana.

Ɗan faifai ne kamar kwabo, a dasa shi ƙarƙashin fatar ƙirji, siririn bututunsa ya shiga babbar jijiyar da ke kai jini zuciya. Aikin yakan ɗauki kusan awa ɗaya da allurar kashe zafi, yawanci a ɓangaren ƙirjin da ba a yi wa gashin kansa da haske ba. Magani mai ƙona nama irin doxorubicin ya fi aminci ta nan.

Amma yana son kulawa. Allurar Huber, wata allura ta musamman, ita kaɗai ake soka masa, ta gama-gari tana ɓantare robar da ke saman faifan har ya fara yoyo. Sirinji kada ya gaza mililita 10, don ƙarami ƙarfin turinsa na iya fasa bututun. In ba a amfani da shi, a wanke shi da ruwan gishirin asibiti duk sati 4 zuwa 6, in ba haka ba jini ya daskare ya toshe shi. Zazzaɓin da ya kai 38, ko rawar ɗari bayan wanki, ko kumburin wuya, a garzaya asibiti.

Ya cancanta, muddin akwai nas ɗin da ta iya soka shi kusa da gida. A tambayi wannan kafin a biya.