Gargaɗi ga masu son kwalliyar babur: an damfari ƙanina, saura ƙiris ya rasa ransa

Jama'ar Ringim, Taura da duk mai cin kasuwar Gujungu ran Lahadi, don Allah ku karanta wannan ku nuna wa samarin gidajenku. Akwai wani mutum da ke tallar kayan kwalliyar babur a TikTok da Facebook, yana kuma da yaro mai zagaya kasuwanninmu da sunan wakilinsa. Ɗan damfara ne. Ba ji na yi ba, a gidanmu ya yi.

Ƙanina da ke bi mini ya sayar da riɗinsa bayan kaka, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya sayo babur na hannu a Kano, Yamaha Virago 250, irin mai gajeren sirdi da dogon gaba, wanda mutum ke zama a kai kamar ya kishingiɗa. Ya kwana biyu, amma injinsa lafiya lau. Tun yana yaro yake son irinsa, kuma ban ga laifinsa ba, guminsa ne. Burinsa ya mayar da shi kamar Harley-Davidson ɗin da yake gani a waya: dogon kai, salansa mai ƙyalli, tanki baƙi wul.

A nan mutumin ya same shi. Bidiyoyinsa gwanin kyau, babura a jere cikin gareji mai tayil. Da na zauna na duba su daga baya, lambobin baburan ba na Najeriya ba ne, kuma ko sau ɗaya fuskarsa ba ta fito ba. Sai dai muryarsa da ya ɗora a kai, da Hausa tsantsa, yana rantsuwa da Allah. Ya yi wa ƙanina jimillar naira 240,000, ya ce a tura rabi kafin alƙalami. Sunan da ke kan asusun daban, sunan da ya faɗa daban. Da yaron ya yi magana sai ya ce na matarsa ne. Bayan sati biyu ya kira, wai kwastam sun tsare kaya a hanya, a ƙaro 35,000. Bayan nan kuma kuɗin direba. Duk wannan ban sani ba, sai ranar da ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, ka ranta mini cikon, kayan sun iso tasha."

Da na so na ce wanda bai turo komai ba ya fi wannan tausayi. Shi ya turo kwali. Muka kai wa bakaniken garinmu, dattijo ne da ya shekara da shekaru yana kwance inji, ya zazzage kayan a kan buhu. Salansa guda ɗaya ce ta ƙaramin babur, alhali Virago silinda biyu gare shi, kowacce da bututunta. Murfin gefe da aka ce kurom ne, wato ƙarfe mai ƙyalli kamar madubi, ya sa farce ya kankara, sai ga roba baƙa a ƙasa. Ya ɗaga kan babur ɗin da yatsa biyu ya jijjiga, ya nuna mana gwiwoyinsa inda aka yi walda aka shafe da fenti. Ya dubi ƙanina ya ce, "Ɗana, wannan ƙarfen kujera ne. Ni ba zan ɗaura maka shi ba."

Ya yi mana bayanin da nake so kowa ya riƙe. Kan babur ba a sayensa da ido kawai. Na Harley yawanci kaurinsa inci ɗaya ne, milimita 25 da ɗoriya, na yawancin ƙananan babura kuwa milimita 22, don haka ba kowanne ke zama a mazaunin wani ba. In kuma ka ƙara masa tsawo, dole ka canza wayar kulochi, wayar totur da tiyon birkin gaba, in ba haka ba kana karya kwana totur zai ja kansa. Salansa mai buɗaɗɗen baki ma tana bukatar a sake saita kafireto, don in iska ta rinjayi mai inji zafi zai riƙa yi. Duk mai sayar da kayan gaskiya sai ya fara tambayarka samfurin babur da shekararsa. Wannan mutumin bai tambayi komai ba sai lambar waya.

Yaro da zafin kuɗinsa, bai ji ba. Ya faki idona ya kai wa wani ɗan koyo ya ɗaura masa kan. Kwana huɗu ya yi yana hawa. A rana ta biyar, kan hanyar burji ta zuwa gona, ya faɗa rami, ƙarfen ya ɓalle daidai waldar dama, ya tafi da birki a hannunsa. Ya karye a kafaɗa, gefen fuskarsa ya saɓule. Da a kan kwalta ne, cikin motocin kasuwa, da yanzu zaman makoki muke. Mahaifiyarmu har yau ba ta son jin ƙarar babur a ƙofar gida.

Shi kuwa wakilin, nasa salon daban. Yana karɓar tankuna da madgad ran kasuwa, wai zai kai Kano a yi musu kurom ko fentin gari, irin wanda ake gasawa. Ku sani, kurom na gaskiya sai an goge ƙarfe, an tsoma shi a ruwan sinadari an sa lantarki, a fara da nikel sannan kurom. Fentin gari kuma a tanda ake gasa shi, zafin ya kai wajen digiri 200. Tankin ƙanina da ya dawo, fetur ya ɗiga a bakinsa ya zana farin layi har ƙasa, fentin gwangwani ne aka fesa. Wasu samari biyu a ƙauyen da ke gaba da mu ko tankunan nasu ba su sake gani ba, baburansu na jingine a zaure.

Mai son kwalliya ya ɗauki bakanikensa su shiga Kano, su je Ƙofar Ruwa ko wajen masu kayan babur a Fagge da Sabon Gari, a gwada a jikin babur kafin a biya. Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya je bankinsa a ranar, kada ya goge saƙo ko rasit, ya kai wa 'yan sanda, EFCC ma tana da ofis a Kano.

Mutumin ya toshe lambarmu, ya canza sunan shafinsa, amma bidiyoyin da muryar suna nan yadda suke. Karyayyen kan yana rataye a rumfar bakaniken, duk mai shakka ya zo ya taɓa da hannunsa. Mu uku ne zuwa yanzu da za mu shigar da ƙara ranar Litinin. In kai ma ya ci naka, kada ka ji kunya, ka zo da rasit ɗinka mu tafi tare.